Matashin ƙeya na kujerar mota ya hana ni sakat: in cire shi ko in bar shi?

Direban Yamai:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Wata matsala ce ta dame ni wata uku ke nan, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai direbobi da kanikawa da ma'aikatan lafiya a cikinmu. Shekarata 14 ina tuƙi, ban taɓa sanin ciwon wuya ba sai da maigidana ya sauya mota, ya kawo wata ƴar Amurka samfurin 2013. Mota lafiyayya, inji ba ya ko tari. Amma matashin nan na saman kujera, wanda ake jingina ƙeya, ya karkato gaba kamar mai ruku'u. Da na zauna sai ya tokare mini ƙeya ya turo kaina, haɓata na neman ƙirji. Daga Maradi zuwa Gidan Rumji ba na jin komai. Kafin Madawa dokin wuyana ya fara ɗaurewa. In muka tsaya Ƙonni yin salla, wajen sallama sai na juya da kafaɗa gaba ɗaya, wuyan ba ya juyawa shi kaɗai. Tafiyar nan daga Maradi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ce, sau biyu a wata, zuwa da dawowa. In na iso gida uwargida ce ke gasa mini wuya da ruwan zafi da tsumma. Na ɗaga shi, na sauke shi, duk ɗaya. Yanzu shawarar da nake yi in zare shi in jefa a but. Me kuka gani?

Ɗan Taksi:
Wa'alaikumus salam. Yaya, zare shi ka huta. Ni tun ranar da na karɓi motata na cire na gaba duka biyu. Ina ganin fasinja, ina miƙa canji ba tare da na murɗe ba, iska ma ta fi shiga baya. Shekara biyar ke nan ban ga abin da ya same ni ba. Je ka tasha ka ƙirga motoci nawa ke da shi.

Baba Tsohon Direba:
Ɗana, sannu. Mu da muka ja Fijo 404 akori-kura a hanyar Dakoro tun ba kwalta, benci ne muke zama kai, bai wuce kafaɗa ba. Gargada tun daga hita gari har isa. Ba mu san wani matashin ƙeya ba, kuma ga mu da ranmu. Abin da ke kashe maka wuya sanyin nan ne da kuke kunnawa yana bugun jijiya. Kashe shi ka buɗe gilashi ka gani.

Kanikan Sabon Gari:
Kada ka jefar, maigidanka zai tambaya ranar da zai sayar da motar. Abu biyu muke yi wa masu wannan kuka. Ko a zare shi a juya shi, gaba ya koma baya, ko a sa ƙarafan a bakin bututu a ɗan lanƙwasa su baya. Minti goma ne. Na yi wa mutum ya fi ashirin, kowa godiya yake yi. Ka kawo ta gobe da safe.

Ɗalibin Jami'a:
Ina neman afuwar manya, ni ƙarami ne a nan, amma don Allah Yaya Direba ka dakata da zuwa gareji har ka ji wannan. Sunan da muke kiran abin nan ne ke ruɗa mu. Ba matashi ba ne, ba a yi shi don a jingina a huta ba. Kariya ce, ɗan'uwan sentir ne, wato ɗamarar nan ta kujera da ake ɗaurawa, aikinsa na ranar da aka buge ka ta baya ne. In mota ta daki taka ta baya, kujera ce ke ingiza gangar jikinka gaba da ƙarfi, kai kuma ba abin da ya riƙe shi sai wuya, sai a bar shi a baya. Wuyan ya lanƙwashe baya, sannan ya fizgo gaba, kamar yadda bakin bulala ke yi. Duk wannan bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Abin da ke tare kan kafin ya tafi shi ne wannan da kake son jefawa a but.

A Amurka tun 1969 doka ta tilasta sa shi a kujerun gaba na sababbin motoci. Daga baya suka lura yawancinsu sun yi ƙasa, sun yi nisa da kai, ba sa tare komai. Sai suka sabunta dokar, ta fara aiki daga 2009: tazarar da ke tsakanin ƙeya da matashin kada ta wuce milimita 55, wato santimita biyar da rabi. Hanya mafi arha da kamfanoni suka bi don cika sharaɗin ita ce su karkato da shi gaba. Shi ya sa motocin Amurka na bayan wannan lokaci suke haka, taka ta 2013 tana ciki. Ba lalacewa ta yi ba, haka aka ƙera ta.

Ɗan Taksi:
Ƙanena, dokar Amurka ta tsaya Amurka. Can suna gudu a manyan hanyoyi. Mu nan cikin gari tsakanin kabu-kabu da amalanke da adaidaita, wa ke wuce 40? Ko jandarma bai taɓa tambayata ina matashin kujera ba. Takardu yake tambaya.

Majo:
Salamu alaikum. Ɗan Taksi, a nan ne ka yi kuskure, kuma kuskuren da mutane da yawa ke yi ne. Raunin nan ba na babban gudu ba ne kaɗai. Yawanci ma a cikin gari yake faruwa: ka tsaya a danja, ko ka taka birki a tudun rage gudu, na bayanka hankalinsa na kan waya. Motar ba ta yi wani lahani ba, fitila ɗaya ta fashe, an ba juna haƙuri an watse. Mutum ya tafi gida lafiya lau. Sai da asuba ya ga ba ya iya ɗaga kansa daga matashi sai ya tallafe shi da hannu. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba a shekarun da na yi ina aikin asibiti.

Ku duba yadda aka halicci wurin. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, ƙanana, jere kan juna, jijiyoyin da ke zuwa hannuwa suna fita ta tsakaninsu. A kansu aka ɗora kai mai nauyin kilo kusan 5. Ɗauki kankana mai kilo biyar ka ɗora a kan sanda siririya ka fizge sandar, ka ga inda za ta ba da kai. Sau da yawa hoton ƙashi ba ya nuna komai, don nama da jijiya ne suka yage, sai dangi su ce ai likita ya ce lafiyarsa lau, raki ne. Alhali mutum na fama da ciwon kai da jiri wata da watanni.

Amma shi ma Direban Yamai gaskiyarsa ce. Kai in ya zauna daidai bisa kafaɗu, wuya ba ya wahala. Da zarar an turo shi gaba, naman dokin wuya ne ke riƙe da shi kamar mai riƙe da guga a bakin rijiya, awa tara, awa goma. Dole ya yi tsami. Don haka ciwonsa ba ƙarya ba ne, maganin da ake ba shi ne ban yarda da shi ba.

Na Tasawa:
Ni ba na yawan magana a nan, amma wannan ta taɓa ni. Shekara uku da suka wuce ina jan ƙaramar bas tsakanin Maradi da Damagaram. Kujerar direba ba ta da matashin, haka na same ta, ban ma taɓa lura ba. Muna shiga Cadawa ranar kasuwa, wani yaro ya koro awaki suka tsallaka, na taka birki. Wata mai ɗaukar kaya da ke bina ta dake ni. Ba da ƙarfi sosai ba, ƙofar baya ce kawai ta lotsa. Abin da nake tunawa shi ne na ga rufin motar, wato kaina ya tafi baya har na kalli sama. Na sauka, muka daidaita, na kai fasinjojina har Tasawa da kaina. Washegari matata ce ta ɗaura mini maɓallin riga, yatsuna biyu na hannun dama sun mutu, ba na jin su. Wata huɗu ban taɓa sitiyari ba. Mai motar ya ba wani. Abin da muka ci a watannin nan sai da aka sayar da tunkiyar uwar yara da ƴaƴanta biyu. Har yau in sanyi ya shigo ina jin wurin. Yaya Direba, ni dai ban ce ka zauna da ciwo ba, amma kada ka cire.

Ɗan Taksi:
Subhanallahi. Allah ya ƙara sauƙi, Na Tasawa. Amma abin da Allah ya rubuta ai ba matashi ne zai hana ba.

Na Limanci:
Haka ne, ba mai hana abin da aka ƙaddara. Amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Kai ma ai kana duba birkinka kafin ka fita.

Kanikan Sabon Gari:
To ai ni ban ce a cire ba. Na ce a juya ko a lanƙwasa. Yana nan a wurinsa, in an buge ka zai tare.

Mai Ɗinkin Kujera:
Maigida, da girmanka, amma ni ne ke farke waɗannan abubuwa kullum, bari in faɗi abin da ke ciki. Ƙarfe ne guda aka lanƙwasa kamar ƙofar gida, aka zuba masa soso, aka sa riga. Ƙafafun nan biyu da ke shiga kujera, in ka duba za ka ga an yi musu ƴan tsaga-tsaga, a nan maƙulli ke kamawa. A motoci da yawa gefe ɗaya ne ke da tsagar. In ka juya shi, tsagar ta koma inda ba maƙulli, sai ka ga da hannu ɗaya kana danna shi yana sulalewa ƙasa. Ranar da kai ya buge shi zai nutse ne, wuya ya karye a kansa kamar rake a gwiwa. Sannan fuskar da ta karkato gaba, in an juya sai ta karkata baya, tazarar ta zama kusan taƙi guda. Kan zai yi tafiya mai nisa kafin ya same shi.

Lanƙwasawa kuma, yawancin ƙarafan nan bututu ne, cikinsu rami. Wanda aka taɓa lanƙwasawa ya riga ya yi rauni a wurin. An kawo mini guda biyu da suka tsage daidai inda aka murɗa. Wasu motocin ma akwai waya ko wani ɗan inji a cikin kujerar da ke tura matashin gaba idan an yi karo. In ka sa bututu ka murɗa, ka kashe shi ba ka sani ba.

Ɗalibin Jami'a:
Gaskiya ne. Saab ce ta fito da irin wannan a 1997: nauyin bayanka in ya danna kujera lokacin karo, sai wani ƙarfe ya ɗago matashin sama da gaba ya tarbi kai. Volvo kuma a 1998 ta yi nata, bayan kujerar ne ke ɗan ja da baya ya kwanta don ya rage fizgar. Daga baya wasu kamfanoni da yawa suka bi. Irin waɗannan ba sa buƙatar tokare ƙeya kullum, amma sun fi tsadar ƙerawa.

Kanikan Sabon Gari:
Ni ban taɓa jin wanda na yi wa ya dawo da ƙorafi ba.

Mai Ɗinkin Kujera:
Ai wanda ba a buga ba ba zai dawo ba, maigida. Wanda aka buga kuma asibiti zai nufa, ba gareji ba, kuma ba zai san daga ina abin ya zo ba.

Direban Yamai:
Na gode muku duka, Na Tasawa Allah ya ba da lafiya, labarinka ya sa jikina ya yi sanyi. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini ga abin yi. Kun hana ni cirewa, kun hana ni juyawa. Ranar Lahadi in Allah ya kai mu zan kama hanyar Yamai. In zauna haka wuya na ci gaba da cina?

Ɗalibin Jami'a:
Yaya, tambaya ɗaya: yaya kake ajiye bayan kujerarka? A tsaye cak, ko a ɗan kwance?

Direban Yamai:
A tsaye cak. A babbar mota na koyi tuƙi, maigidana na farko in ya ga yaro ya kwantar da kujera sai ya ce barci ya zo yi. Haka na saba.

Ɗalibin Jami'a:
To ina jin a nan matsalar take. Lokacin da suke auna tazarar nan, ba da kujera a tsaye suke aunawa ba. Suna ɗan kwantar da bayanta, kusan digiri 25 daga tsaye, su zaunar da wani mutum-mutumi mai girman namiji matsakaici. A wannan zaman matashin yana daidai, yana bayan kai kaɗan. Kai kuma da ka miƙar da kujerar, sai matashin da ke manne da ita ya biyo ta ya rusuno a kanka. Gwada wannan tun motar na tsaye a ƙofar gida. Ka zauna ka tura ƙugunka har ƙarshen kujera. Ka kwantar da bayan da ƙyas ɗaya ko biyu, ba irin kwanciyar samari ba. Da ka yi haka sitiyari zai yi maka nisa, sai ka jawo kujerar duka gaba, har in ka miƙa hannu wuyan hannunka ya hau saman sitiyari kafaɗarka ba ta rabu da kujera ba. In kujerar na ɗagawa sama, ɗaga ta kaɗan. Sannan ka ja matashin sama har samansa ya yi daidai da tsakar kanka. Mutane na barin shi ƙasa yana tokare wuya, alhali ƙeya ya kamata ya fuskanta. In ka gama, ka sa hannu tsakanin ƙeyarka da shi: yatsa biyu zuwa uku su shiga. Ba dole ne kanka ya taɓa shi ba kana tuƙi. Kusa ake so, ba manne ba. Kada ka manta ka sake daidaita madubai, don zamanka ya canja.

Mai Ɗinkin Kujera:
Ƙari a kan wannan: wasu matasan suna da ƙyas-ƙyas na karkata. In ka kama shi ka jawo gaba za ka ji yana ƙara, in ka kai shi ƙarshe ka saki sai ya koma baya can. Da yawa masu wankin mota ne ke jawo shi gaba wajen gogewa, mai mota ya yi ta wahala bai san yana komawa ba. Gwada naka. Sannan ka taɓa ƙasan bayan kujerar, inda ƙugu ke zama. Motocin da ke zuwa mana sun yi shekara goma a hannun wani, soson wurin ya mutu. In ƙugu ya nutse, baya ya ranƙwafa, kai ya tafi gaba da kansa. Wannan ina gyara shi da sabon soso, ko kai ma ka naɗe ƙaramin tawul ka sa a wurin.

Maman Ƴan Biyu:
Salamu alaikum, ku ba mu wuri mu ma, don mu mata abin ya fi cin mu kuma ba mai tambayarmu. Ni malamar makaranta ce, kullum ina tuƙi daga Ali Ɗan Sofo zuwa wurin aiki in dawo, ba wata tafiya mai nisa ba, amma da la'asar kaina kamar an ɗora mini dutse. Na daɗe ina cewa alli ne da hayaniyar yara. Ashe gashina ne. In na yi kitso na tattara jelar na ɗaure a ƙeya, na kawo ɗankwali na ƙulla a wurin, na sa hijabi, to dunƙulen nan kaɗai ya kai yatsa huɗu. Shi ke fara taɓa matashin, sai kaina ya sunkuya, ina leƙen hanya ta saman ido. Ranar da na gane, na ce wa mai kitso ta riƙa saukar mini da jelar ƙasa wajen wuya, ƙullin ɗankwalin kuma na mai da shi gefe. Ciwon ya ragu da fiye da rabi. Amma ni gajeruwa ce, ko na sauke matashin har ƙasa, kumburinsa a saman kaina yake tokara. Waɗanda suka ƙera abin nan ba su auna da irina ba.

Majo:
Hajiya, gaskiya kika faɗa, da jikin namiji aka daɗe ana gwajin. Kuma abin takaicin, mata sun fi maza kamuwa da wannan rauni in an yi karo ta baya, don wuyansu ya fi siranta, naman wurin bai kai na namiji ƙarfi ba. Wato wadda abin ya fi takura wa ita ce kuma ta fi buƙatarsa. Ki gwada ɗaga kujerar sama, in ba ta ɗagawa ki sa matashin zama mai tauri, ba mai laushi da zai zame ba, don kanki ya hau daidai tsakiyarsa.

Maman Ƴan Biyu:
Zan gwada, Majo, na gode. Waɗannan ƙananan matasan fa da ake sayarwa a bakin babbar kasuwa, masu igiya da ake ɗaurawa a ƙarafan? Maigidana ya sayo mini ɗaya.

Majo:
In siriri ne yana cike ramin wuya kawai, wasu na jin daɗinsa. In mai kauri ne, ƙara turo ki zai yi, kuma ya nisanta ƙeyarki da abin da zai tare ta. Ki sa ki ji. In haɓarki ta sunkuya, cire shi.

Na Limanci:
Mu ma masu rawani haka ne. Naɗin baya ke tokarewa. Ni in tafiya ta wuce cikin gari, kamar zuwa Katsina ta Ɗan Isa, sai in kwance shi in ajiye a kujerar gefe in bar hula, in na isa in naɗa. Minti uku ne. Da ina jin nauyin a gan ni ba rawani a hanya, amma wuyan nawa ne.

Ɗan Taksi:
Ni dai in wuya ya dame ni ina da maganina. Ƙwaya biyu wajen mai tebur da shayi mai kauri, sai aiki.

Majo:
Wace ƙwaya, ɗana? Faɗa mini sunanta. In diklofenak ce kake sha kullum kan yunwa, tana cin ciki, tana taɓa ƙoda, balle a zafin nan da direba ke wuni bai sha ruwan kirki ba. In kuma tramol ce, wallahi ka bar ta. Tana kawo gyangyaɗi, tana kawo farfaɗiya, tana kama mutum ya kasa rabuwa da ita, kuma kai rayukan mutane ka ɗauko. Ciwon da zama ya kawo, zama za a gyara.

Tunda an zo nan bari in faɗi inda ba a jira. In ciwon wuya ya sauko hannu, yatsu na mutuwa ko abu na suɓucewa daga hannunka, ko ƙafa na rauni, a je asibiti. In wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da amai, musamman daga hunturu zuwa bazara, wannan ba maganar kujera ba ce, sanƙarau ake tsoro, a tafi a daren. In kuma an yi haɗari mutum na kukan wuya, don Allah kada a finciko shi ta kai, kada a zaunar da shi a kan babur, kada a kai shi a ja masa wuya. A riƙe kan daidai da jiki har a sami mai duba shi. Har masu aski da ke murɗa wa mutum wuya ya yi ƙara bayan an gama, ni ba na bari a yi mini.

Ɗan Taksi:
Ba tramol ba ce Majo, ta farkon ce. Na ji, zan rage.

Baba Tsohon Direba:
Na karanta duka, jikana ya karanta mini inda idona bai gani. Yaron jami'a, Allah ya yi maka albarka. Na ce muna nan da ranmu, amma da na kwanta sai na tuna wani abokin aikina da muka yi tashar Dakoro tare. An buge shi ta baya yana tsaye yana jiran shanu su wuce. Tun daga ranar har ya bar duniya wuyansa a karkace yake, in zai dube ka sai ya juyo da jiki duka. Mu a lokacin cewa muka yi iska ce ta buge shi, aka yi ta turare da rubutu. Ba wanda ya kawo maganar kujera a ransa. Allah ya jiƙansa. Amma maganar sanyi ban janye ba, ku rage shi. Kuma mu ba mu wuce awa biyu ba mu tsaya ba, ko don mu zuba wa lagireto ruwa. Ku yanzu mota ba ta zafi, sai ku manta ku kuna yi.

Majo:
Amin, Baba. Maganar tsayawa duk awa biyu kuwa ita ce rabin maganin. A sauka, a taka, a juya kafaɗu, a ja haɓa ciki a hankali sau goma. Kuma a daina maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa.

Direban Yamai:
Salamu alaikum. Na dawo jiya da dare, na ce in ba ku labari tunda kun ba ni lokacinku. Ranar Asabar na zauna a motar kusan rabin awa ina gwadawa. Nawa ba ya da ƙyas-ƙyas ɗin karkata, na ja har na gaji. Na kwantar da baya da ƙyas biyu, na jawo kujera gaba, na ɗaga matashin har sama, sai ga yatsa biyu suna shiga. Na naɗe tawul na sa a ƙugu. Da farko zaman ya yi mini baƙo, ji nake kamar zan zame, har Tibiri ina son in mayar. Na daure. Mun tsaya Madawa, mun tsaya Ƙonni, mun tsaya Dogon Dutsi da Doso. Alhaji ya yi ƙorafin tsaye-tsayen, na ce masa wuyana ne, ya yi shiru. A Ƙonni na yi sallama da wuya kaɗai, hagu da dama. Ba zan ce ya warke ba, daga Doso zuwa Yamai ya ɗan ɗaure, kuma kafaɗar dama na ja har yanzu. Amma jiya ba a dafa mini ruwan zafi ba. Tawul ɗin yana zamewa, sau uku ina gyara shi.

Mai Ɗinkin Kujera:
Alhamdulillahi. Kawo ta in buɗe rigar in sa maka soso a ciki, ka huta da tawul. Kafaɗar kuma in ta wuce mako biyu ka je Majo ya gan ka.

Kanikan Sabon Gari:
Na duba guda uku da ke gareji yau. Biyu gefe ɗaya ne ke da tsaga, kamar yadda ka ce. Ɗaya kuma duka biyun. Wanda na juya wa makon jiya na kira shi ya dawo da ita.

Ɗan Taksi:
Mai Ɗinki, nawa biyun da na cire ban san inda suke ba, ina jin yara sun yi wasa da su. Ana samun na hannu? Ko na kowace mota zai shiga?

Mai Ɗinkin Kujera:
Ba kowanne ke shiga ba, kaurin ƙarfen da tazarar ƙafafun sun bambanta, kuma in bai kama maƙulli ba amfaninsa kaɗan ne. Auno mini tsakanin ramukan biyu da zare ka kawo, ko ka zo da motar ranar Juma'a bayan an sauko, mu zaga wajen masu kayan gwanjo mu gwada har mu sami wanda ya yi ƙyas.

Na Tasawa:
In za ku je ku kira ni. Bas ɗin da nake ja yanzu ma na direba kaɗai ke akwai, kujerar gefe ba ta da shi, kuma nan ne yaron motata ke zama.